Gasar Kati ta Farko: In Karɓi Aro ko In Tafi da Nawa?

Tambaya

Assalamu alaikum Yaya. Wata biyar ke nan da na fara buga wasan katin nan mai suna Magic: The Gathering. Yawanci a waya nake bugawa, ta manhajar Arena, sai jefi-jefi mu zauna da wani abokina mu buga da katunan hannu. Yanzu saura kwana 12 a yi wata gasa ta tsarin Standard, wanda katunan 'yan shekarun nan kawai ake bugawa a cikinsa, mutum talatin da 'yan kai ne suka ba da suna, har da ni. Wallahi tun da na yi rajista barci ya ƙaurace mini. Dek ɗin da nake da shi, wato tarin katunan da nake wasa da su, ni na haɗa abina, jajayen katuna ne masu saurin kai hari, ba wasu masu tsada ba. Abokin nawa ya ce in na je da shi dariya za a yi mini, gara ya ara mini nasa, wanda ya kwafo daga na wani da ya ci babbar gasa. Ni kuma sau biyu kacal na taɓa buga nasan. Ina tsoron in yi kuskure a gaban mutane, ko alƙalin wasa ya kore ni. Ga Baba kuma, da ya ji an ce kati sai ya ce shi bai yarda da caca ba. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara sauke maka nauyin da ya fi saurin sauka: kada ka karɓi aron nan. Ka yi wa abokinka godiya, don da alheri ya nufe ka, amma ka tafi da jajayenka.

Ban ce naka ya fi nasa ƙarfi ba. Mai yiwuwa ma in aka ba ƙwararru biyu su gwabza, mai riƙe da nasa ne zai fi yawan ci. Sai dai dek ɗin da ya ci babbar gasa, mai shi ya buga shi ba adadi kafin ya shiga fili da shi. Ya san hannun da ake riƙewa da wanda ake mayarwa, ya san katin da ake ɓoyewa sai an zo wuya, ya san abin da zai cire in ya gamu da wane da wane. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a jerin da abokinka ya kwafo, sunaye ne kawai da lambobi. Kai da ka buga shi sau biyu, zama za ka yi kana karanta katunan hannunka kamar wasiƙa, agogo na tafiya, wanda ke gabanka na kaɗa ƙafa. Kayan aro ba ya rufe katara. Naka kuwa ka san shi kamar yunwar cikinka, daga ganin hoton kati ka san aikinsa. Kuma ka yi dace da irin dek ɗin da ka haɗa: mai saurin kai hari yana gama wasa da wuri, ko ci ko faɗuwa, sai ka sami lokacin shan ruwa da sarara kafin zagaye na gaba. Masu dek ɗin jan lokaci su ne za ka ga ana tsaye a kansu ana jira, gumi na keto musu.

Sharaɗi ɗaya ne a kan wannan, kuma yau za ka cika shi, ba gobe ba. Ka baje katunanka a tebur ka tabbatar kowanne ya halatta a Standard. Tsarin nan yana juyawa, kati kan yi kusan shekara uku a ciki sannan ya fita, ga kuma jerin katunan da kamfanin Wizards of the Coast ya haramta, wanda yake sabuntawa lokaci-lokaci a shafinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shigar da jerin naka cikin Arena a matsayin dek na Standard, in akwai wanda bai halatta ba za ta nuna maka, sannan ka sake duba shafin kamfanin ana gobe gasa. Ka ƙirga: kada ya gaza kati 60, kada suna ɗaya ya wuce guda 4 in ban da katunan ƙasa na asali (katunan ƙasa su ne waɗanda ake kwantarwa a biya kuɗin buga sauran katuna), 'yan benci kuma, wato katunan ajiya da ake sauyawa da na dek tsakanin wasa da wasa, kada su wuce 15, kuma ƙa'idar guda 4 ɗin nan ta haɗa dek da benci ne baki ɗaya. Katin da aka buga a firinta ko aka rubuta da biro don ya tsaya a madadin na gaske, a gida ne ake wannan, gasar da kamfani ya amince da ita ba ta karɓa.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙa. A duk wasiƙarka kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce waya. Wata biyar Arena tana yi maka bauta ba ka sani ba. Ita ke gauraya maka katuna, ita ke ƙirga maka rai, wato makin da in ya ƙare ka faɗi wasan, ita ke miƙar da katunan da ka kwantar don alamar ka yi amfani da su, ita ke haska maka wanda kake da ikon bugawa, in sharaɗin wani kati ya tashi ita ke tsayar da wasa ta ce ga shi. In ka yi ƙoƙarin abin da doka ba ta yarda ba, ƙin karɓa kawai take yi, ba wanda ya gani. Ranar gasa duk wannan aikin hannunka ne da bakinka. Saboda haka kwana 12 ɗin nan, ka rage waya. Ka roƙi abokinka, maimakon aron dek, ya ara maka kansa: ya zauna gabanka da dek ɗin zakaran nan, ku sa agogo minti 50, ku buga kamar a gasa, wanda ya fara cin wasa biyu cikin uku shi ya ci. Babu "tsaya in mayar, ban gani ba". Abin da ka buga ya bugu. Riba biyu za ka ci: hannunka zai saba, kuma za ka san dek ɗin da wataƙila mutum biyar ko shida za su zo da irinsa.

Ka koyi yin magana. Wannan shi ne abin da 'yan waya suka fi rasawa, suna buga wasa shiru kamar masu makoki. A tebur kuwa ana faɗa ne. "Na miƙar da katunana. Na ja kati. Na sa ƙasa. Na kwantar da biyu, na buga wannan, akwai martani? Zan shiga hari. Waɗannan ukun ne suka taso. Kana da 14, ina da 17, haka ne? Na gama, kai ne." Da farko za ka ji kamar kana wa kanka surutu, amma rabin rigimar da ake kiran alƙali a kanta daga shiru take tasowa, wannan ya ɗauka an wuce wuri kaza, wancan ya ɗauka ba a kai ba. Rai kuma da biro da takarda ake rubuta shi, layi biyu, naka da nasa, kowane canji ka soke tsohuwar lamba ka rubuta sabuwa a ƙasa. Kada ka dogara da dayis, ɗan abin jefawa mai lambobi irin na ludo. Gwiwar hannu ɗaya ta bugi tebur, 12 ta koma 5, ka rasa shaida.

Bari in ba ka nawa labarin, ko ka ji sanyi. A gasata ta farko ina da wani kati a fili mai cewa a farkon kowane juyi nawa abokin karawa zai rasa rai ɗaya. Na sa shi da murna, na jingine shi a gefe, sai hankalina ya tafi kan faɗan da ake a tsakiyar tebur. Juyi uku a jere ina miƙa hannu in ja kati ban ce uffan ba. Mutumin da ke gabana, wani dattijo mai gilashi, yana kallona bai ce komai ba. Ya cinye ni yana da rai 2. Sai da muka tashi yana tattara kayansa ya sa yatsa a kan katin ya ce, "Wannan da ka tuna da shi, da kai ka ci." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma bai yi laifi ba, don doka ba ta wajabta wa abokin karawarka ya tuna maka sharaɗin katinka ba. Shi ne ya koya mini dabarar da har yau nake yi: in kana da kati irin wannan, ka ɗora dayis ɗaya a kan dek ɗinka. Ba yadda za a yi ka ja kati ba ka ɗauke shi ba, in ka ɗauke kuwa ka tuna. Doka ta yarda da wannan.

Sai gauraya. Kada ka raina ta, don nan ne sabon shiga yake jawo wa kansa zargi ba da niyya ba. Rarraba katuna gida-gida a tebur, gida shida ko bakwai, ba gauraya ba ce a idon doka. An yarda ka yi sau ɗaya a farkon wasa don ƙirga, shi ke nan. Wasu kuma sukan jera ƙasa ɗaya, sauran katuna biyu, ƙasa ɗaya, biyu, wai don kada ƙasa ta cure wuri guda. In ka yi haka sannan ka gauraya sosai, ka ɓata lokaci a banza. In ba ka gauraya sosai ba, ka yi maguɗi. Ka ga ba riba ko ta ina. Abin da ake so shi ne ka raba dek biyu ka cusa rabi cikin rabi, fuskar katunan na kallon ƙasa nesa da idonka, ka maimaita. Wasu masana lissafi biyu, Dave Bayer da Persi Diaconis, sun nuna a 1992 cewa karta mai 52 tana bukatar irin wannan cuɗawa kamar sau bakwai kafin ta gaurayu yadda ya kamata. Naka 60 ne, don haka ka yi takwas ko fiye. In ka gama ka tura wa abokin karawa dek ɗin ya gauraya ko ya yanka, kai ma ka karɓi nasa ka yi masa, a hankali, kamar ka riƙe ƙwai. Ba rashin yarda ba ne, haka ake yi. Ka sa wa katunanka rigunan leda sababbi, kala ɗaya, masu bayan da ba a hango komai ta cikinsa, kuma ka gauraya katunan kafin ka sa musu, don in aka sami 'yar aibu a wasu rigunan kada ta faɗa kan iri ɗaya. Riga mai lanƙwasa a kusurwa ko tabo a baya, alƙali kan iya ɗaukar ta a matsayin alama. Ka riƙe 'yan saura a jaka saboda wadda za ta yage.

Mu zo kan alƙalin da kake tsoro. Ƙanena, a ɗakin nan kaf ba ka da masoyi kamarsa. Ka fara tambayar masu shirya gasar a wane mataki za a yi hukunci, don akwai wanda ake kira Regular, na ƙananan gasanni, inda aikin alƙali yawanci gyara ne da koyarwa, akwai kuma Competitive, inda ake neman takardar jerin katuna kuma ake rubuta laifi. Ko a na biyun, yawancin kuskuren da sabon shiga zai yi gargaɗi ne hukuncinsa, a gyara a ci gaba. Kora ta masu ganganci ce: wanda ya yi maguɗi yana sane, wanda ya yi wa alƙali ƙarya, wanda ya ɗauki kayan wani, wanda ya nemi faɗa. Kai ba ka cikinsu. Abin da kawai zai iya mayar da ƙaramin kuskure babba shi ne ɓoyewa. Ka ja kati biyu sun manne maimakon ɗaya? Kada ka yi wuf ka mayar. Ka tsaya cak, ka ɗaga hannu, ka kira alƙali da ƙarfi, ka bar hannun a sama har ya iso, ka faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. In abokin karawa ya ce maka "ai ba sai an kira ba, ga yadda dokar take", ka yi murmushi ka kira. Wataƙila gaskiyarsa ne, amma shi ma so yake ya ci. Alƙali zai karanta maka cikakken rubutun kowane kati in ka nema, ko da na hannun abokin karawarka da wani harshe aka buga shi, zai gaya maka yadda kati biyu suke haɗuwa a doka, kuma kana iya jan sa gefe ka tambaya don kada ka tona hannunka. Abin da ba zai gaya maka ba shi ne wanne ya fi kyau ka buga. In hukuncinsa bai kwanta maka ba, kana da damar ɗaukaka ƙara wurin babban alƙalin gasar, cikin ladabi, kuma lokacin da aka ci ana shari'a za a ƙara muku shi.

In ana neman takardar jeri, ka rubuta ta da daddare a gida, da cikakken sunan kowane kati, ka ƙirga takarda ka ƙirga dek su zo daidai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskure a wannan takarda yana iya sa a ba abokin karawarka wasa ɗaya kyauta tun ba ku zauna ba, kuma ba abin da ya fi wannan ciwo.

Yadda ranar za ta kasance kuwa, da yawanku zagaye 5 ko 6 za a yi, a tsarin da ake kira Siwis, wanda aka aro daga gasar darar Turawa, wato ces (chess), da aka yi a Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa don ya faɗi. Wanda ya ci karawa maki 3, kunnen doki maki 1, faɗuwa ba komai, kuma kowane zagaye ana haɗa ka ne da mai maki irin naka. Ka ga ma'anar wannan? In ka faɗi biyun farko, zagaye na uku da ɗan'uwanka za a haɗa ka, wanda shi ma hannunsa ke rawa. Can ƙasan teburan nan ne ake wasa mafi daɗi, ana hira ana dariya, kuma nan ne za ka sami abokan da za ku riƙa bugawa bayan gasa. Don haka kada zuciya ta ɗebe ka ka janye bayan faɗuwa biyu. Ka biya kuɗin dukkan zagayen, ka buga su duka. Yawancin wuraren gasa suna fitar da jadawali ta manhajar Companion, to ka sauke ta ka buɗe asusu tun a gida. Da an fitar da jadawali ka nemi lambar teburinka ka zauna. Makara laifi ce mai hukunci, in ta kai minti 10 kuwa an ba wancan karawar gaba ɗaya.

Minti 50 na da yawa a ido, amma na wasa uku ne, har da gauraya da sauya 'yan benci. In lokaci ya cika ana tsakar wasa, mai juyi zai ƙarasa nasa, sannan a ƙara juyi 5 tsakaninku. In ba wanda ya ci a nan, wannan wasan ya tashi ba na kowa ba, sai a duba wanda ya fi cin wasanni a karawar. Kana da damar yin tunani, ba a ce ka yi gaggawa ba, amma ka saba yin tunaninka tun lokacin da wancan ke nasa juyin. In kuma shi ne yake jan ƙafa har abin ya yi yawa, kada ka tsaya cacar baki, ka kira alƙali ya zo ya tsaya a kanku.

Akwai wani lissafi da nake so ka tafi da shi a ka, don ranar zai hana ka zagin kanka. Katin da ka sa guda 4 cikin 60, damar ka gan shi a hannun farko na kati 7 kusan kashi 40 ce cikin 100. Wato sau shida cikin goma gwarzon katinka ba ya nan lokacin da aka fara. Dek mai ƙasa 24 kuma, kusan hannu ɗaya cikin bakwai zai zo da ƙasa ɗaya ko babu sam, naka da wataƙila bai kai 24 ba ya fi haka. A yinin da za ka buga wasa 12 zuwa 15, ka sa a ranka sau biyu ko fiye za ka buɗe hannu ka ga ba abin arziki. Ba baƙin jini ba ne, ba kuma don ka ƙi aro ba. Abin da ke hannunka shi ne ka yi ƙarfin halin mayarwa. Tun 2019 dokar ita ce ka mayar, ka gauraya, ka sake jan 7, sannan ka zaɓi ɗaya ka sa a ƙarƙashin dek, in ka sake mayarwa ka sa biyu. Sababbi suna ƙin wannan kamar mutuwa, sai su riƙe ƙasa ɗaya suna addu'a. Kati 6 masu tafiya sun fi 7 da za su zauna maka a hannu kana kallo. Ka yanke wa kanka ƙa'ida tun yanzu, da kwanciyar hankali, ka bi ta ranar ko zuciya ta ce a'a. In kuma kai ka ci jefa dayis aka ce ka zaɓa, da irin dek ɗinka ka zaɓi farawa.

'Yan benci ba zan tsawaita ba. Ka rubuta 'yar takarda: in na gamu da dek kaza, waɗannan su shiga, waɗannan su fita. An yarda ka duba ta tsakanin wasa da wasa, ba a tsakiyar wasa ba. In ka rikice, kada ka sauya komai, dek mai kai hari ba ya son a cika shi da katunan tsaro. Abin da ba a mantawa shi ne, da an gama karawa, kafin ka tashi daga kujera, ka mayar da dek yadda ka rubuta shi, ka ƙirga benci ya cika. Kowace sabuwar karawa da dek na asali ake fara ta.

Abokin naka in zai zo kallo, ka ja masa kunne ya kama bakinsa. Ko gyaran murya, ko zaro ido, taimakon waje ne a doka, kuma in ka nema ko ka karɓa kai ma zai shafe ka.

Maganar Baba ita ce ba na so ka ɗauka da wasa, kuma ban yarda ka fita ta bayan gida ba. Damuwarsa tana da tushe. Lokacin da Richard Garfield ya fito da wasan a 1993, a dokarsa ta farko kowa kan ajiye kati ɗaya wanda ya ci ya kwashe. An daɗe da soke wannan, katunan da suka danganci hakan ma an haramta su a gasa. Dokar yanzu ta hana sa kuɗi ko kaya a kan sakamakon wasa, ta hana ka yi wa wani tayin wani abu don ya sallama maka, ta hana a jefa dayis don a fitar da wanda ya ci. In wani ya kawo maka irin wannan tayi, ko da wasa, alƙali za ka kira. To ka sami Baba lokacin da yake cikin natsuwa, ka kai masa katunan ya gani da idonsa, ka nuna masa rubutun da ke jiki da lissafin da ake yi. Kada ka rufe masa komai: ka gaya masa akwai kuɗin shiga, akwai kyauta ga waɗanda suka yi gaba, ka faɗi nawa ne da ƙarfe nawa za ka dawo. In ya ce sai ya tambayi malamin da ya yarda da shi a kan kuɗin shigar da kyautar, ka ce to, wannan ba hurumina ba ne ni ma. Kuma tsakanina da kai, inda wasan nan ya fi kama da abin da Baba ke gudu ba teburin gasa ba ne, wurin sayen fakiti rufaffe ne ana fatan a dace da kati mai tsada. Nan kuɗin samari ke zurarewa. Katin da kake bukata ka saye shi shi kaɗai. In bayan duk wannan Baba ya ce a'a, to ka haƙura da wannan karon, ka sanar da masu shiryawa da wuri su ba wani gurbin. Gasa ba ta ƙarewa.

Saura dariyar da aka tsorata ka da ita. Da ka zauna a zagayen farko, ka gaisa, ka ce, "Wannan ce gasata ta farko, in na yi wani abu ba daidai ba a gaya mini." Mafi yawan mutane za ka ga fuskarsu ta saki nan take, don kowa ya tuna tasa ranar. Ba za su sassauta maka a wasa ba, kada ma ka so hakan, amma za su yi maka a hankali. Duk katin da ba ka sani ba ka ce, "In karanta?" ka ɗauka ka karanta har ƙarshe, ko sau uku ne. Waɗanda suka shekara goma a harkar ma suna yi. Jefi-jefi akan gamu da mai tsaki da hura hanci, wanda in ya faɗi sai ya ce sa'a ce kawai ta taimake ka. Ka ce masa an gode da wasa, ka tabbatar an shigar da sakamako daidai, ka tashi. In ya wuce gona da iri, ka san wanda za ka kira. Wanda ya cinye ka kuma ya nuna sakin fuska, ka tambaye shi, "A ina ka ga na kuskure?" Minti biyun nan sun fi maka mako guda a waya.

Jakarka ka haɗa ta tun dare: dek a akwatinsa, takardar jeri, biro biyu, littafin rubuta rai, dayis, katunan alama na halittun da dek ɗinka ke haifarwa, ragowar riguna, ruwa, ɗan abin taɓawa, da cajar waya. Kundin katunanka na musaya ka bar shi a gida wannan karon, hankalinka ba zai rabu biyu ba, kuma kada ka bar dek a tebur ka ce za ka je ka dawo. Ka isa da rabin awa kafin lokaci. Hannunka zai yi rawa a zagayen farko, na kowa yana yi, zuwa na biyu zai daina.

In ka dawo ka rubuto mini. Ba sai ka faɗi maki nawa ka samu ba, ni dai ina son in ji ko dayis ɗin nan na kan dek ya yi aikinsa, da kuma abin da Baba ya ce da ya karanta katin farko.